Shekara Biyu da Saƙon Mudi a Bakina

Kwana tara muka yi a Yamai kafin na yarda an damfare ni. Kwana tara! Ni da digirina, ni da nake gyara wa mutane Turanci a majalisar unguwarmu a Badarawa, ina zaune a wani ɗakin haya da ko taga babu, ina jiran ejan ya kawo mana bizar Turkiyya. Shi ya ce biza ta fi saurin fitowa a Nijar, daga nan sai jirgi, sai aikin ofis a kamfanin gine-gine, har da gidan kwana. Rana ta uku wayarsa ta daina shiga. Rana ta biyar mutum goman da muke tare suka fara tattara komatsansu, ni kuwa ina ta ba su haƙuri, wai ƙila matsalar sabis ce. Har yau in na tuna mutumin nan, da carbinsa mai ƙyalli, da yadda yake dafa kafaɗata yana ce mini ƙanena, sai abinci ya fita raina. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Amma ba don shi nake wannan rubutu ba. Macuci aikinsa ya yi. Abin da ya sa nake rubutu shi ne wani bawan Allah ya rasu a hannuna a ƙasar mutane, ya ba ni saƙo in kai wa matarsa a Rafin Guza, ni kuma na danne saƙon nan shekara biyu cur. Sunansa Mudi.

Mudi Bazamfare ne, daga wani ƙauye a gefen Tsafe. 'Yan bindiga suka tashe su, ya kwaso matarsa Luba da 'ya'yansu mata biyu ya kama ɗaki a Rafin Guza, yana jan keke mai ƙafa uku tsakanin Kawo da kasuwa. Ya girme ni da kusan shekara goma. Ejan ɗin nan ya yi masa alkawarin aikin direba a kamfanin da aka ce ni zan zauna a ofis, shi kuwa ya sayar da kekensa ya biyo shi. Da ta tabbata an yashe mu, bai yi zage-zage irin nawa ba. Ya ce shi ba abin da zai koma ya tarar, don haka Aljeriya zai wuce, akwai 'yan garinsu da ke leburanci a can. Sannan ya dube ni daga sama har ƙasa, da fayil ɗina na takardu da takalmina sau-ciki, ya ce, "Kai ɗan boko, koma gida. Kana da uba, kana da ɗaki. Hanyar ga ba taka ba ce."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushinsa. Daga Yamai zuwa Kaduna tafiyar kwana biyu ce. To amma da wace fuska? Babana shekara talatin da biyar ya yi a aikin gwamnati, mutum ne da ko shara zai fita zubarwa sai ya sa hula. Yayana Auwal yana ma'aikata, matarsa malamar asibiti. Ni kaɗai ne na gama bautar ƙasa na yi shekara biyar ina yawo da fayil ofis-ofis, ana ce mini in dawo mako mai zuwa. Da maganar Turkiyya ta taso, Baba ya sanar a masallaci aka yi mini addu'a, Mama ta soya waina ta raba gida-gida har Kurmin Mashi wajen ƙannenta. In koma bayan kwana tara in ce me? A dawo da wainar? Sai na kira gida ta intanet da lambata ta Najeriya, yadda ba wanda zai gane inda nake, na ce na sauka lafiya, sanyi ne kawai ya dame ni. Gumi na bin wuyana nake faɗin haka.

Na bi Mudi. A Agadas muka yi kwana huɗu a wani kango, muna jiran mota. Da ta zo, a-kori-kura ce, aka loda mu a baya kan jarkokin mai, kowa aka ba shi sanda ya soke tsakanin ƙafafunsa ya riƙe, in ka saki ka faɗo ba wanda zai tsaya maka. Direban bai taɓa kallonmu a matsayin mutane ba. In ya tsaya dafa shayinsa, mu sai mu raɓe a inuwar motar kamar awaki. Kwana biyu muna haka, sannan da hantsi ya taka burki a wani fili da ba komai sai yashi da duwatsu, ya nuna wani tudu ya ce gari yana bayansa, ba zai matsa ba saboda jami'an iyaka. Muka sauka, ya juya ya bar mu da ƙura.

Ƙarya yake yi, Allah ya isa tsakanina da shi. Bayan tudun wani tudun ne, bayan wannan kuma wani. Kafin azahar takalmina ya saɓule mini dugadugai, jini ya jiƙe safa, na zauna na ce su tafi kawai. Mudi ya dawo, ya cire takalminsa na roba ya ajiye a gabana, ya ɗauki nawa ya take bayansa ya zura. Ya yi taku biyu yana wani ƙobarewa, ya ce yau dai shi ma ya zama ma'aikacin gwamnati, saura a ba shi fayil ya ɓatar. Ina hawaye ina dariya. Ruwan da ya rage a gorarsa tare muka raba, kurɓi ɗaya-ɗaya, har muka hango rufin gidaje gab da magariba.

Tamanrasat, inda mota ta kai mu daga garin iyakar nan, ta ba ni mamaki, don Hausa ake yi a ko'ina. Na ɗauka na zo cikin 'yan uwa. Ashe waɗanda suka fi iya tatsar baƙo su ne masu jin yarensa. Wani ɗan ƙasarmu ne ke riƙe da gidan da muka sauka, ana ce masa shugaba, shi ke cewa wa zai kwana a ɗaki wa zai kwana a tsakar gida, kuma in ka ɗaga murya ya tuna maka ya san lambar 'yan sanda. Kullum da safe mu jeru a bakin titi, motoci su tsaya, a nuna mutum da yatsa, wani ma a matsa masa dantse a ji ƙwari. Ni ba a cika ɗaukata ba, hannuna ya tona mini asiri. Mudi ne yake cewa in ba da ni ba shi ma ba ya zuwa. Yara su biyo mu da jifa suna kiranmu da wata kalma, da na tambayi ma'anarta na yi da na sanin tambaya. Sai dai akwai wani tsoho mai gidan burodi a kan hanyarmu, kullum zai rataye leda a ƙusa a jikin bangonsa da burodi biyar ko shida a ciki, ya shige ciki don kada mu ji kunyar ɗauka. Ban taɓa sanin sunansa ba, amma yana cikin addu'ata.

A nan kewar gida ta kama ni sosai. Ba abin da nake tunawa kamar ruwan Kaduna, yadda hadari ke haɗowa ta gabas ya yi baƙi, ya sauka a kan kwanon gidanmu har ba ka jin maganar na kusa da kai. Mudi kuwa hirarsa ɗaya, Luba. Yadda take yi masa faɗa in ya dawo da riga duk baƙin mai, yadda ta iya hoce da miyar sure, yadda ranar da aka kore su daga ƙauye ta goya ƙaramar ta riƙe babbar ta yi tafiyar yini ba ta ce wash ba. Da muka lissafa hanyoyin da yake bi da kekensa, ya rantse ya taɓa ɗaukata daga Kawo, wai ya gane ni, ni ne mai kwat ɗin nan da ya tsaya yana yi masa Turanci a kan canji.

Bayan wata uku muka samu hanyar arewa, zuwa Wargala, inda wani ɗan kwangila ke gina bene hawa huɗu. A cikin ginin muke kwana, a kan buhunan siminti. Ni ina tura baro, Mudi yana miƙa bulo a sama. Duk Juma'a bayan masallaci sai in ari jaket wajen wani ɗan Mali, mu taka zuwa wani gini mai gilasai a cikin gari, in tsaya a gabansa in harɗe hannu, Mudi ya ɗauke ni hoto da wayata yana cewa in gyara wuyan riga, Injiniya. In tura gida, a yi ta sa albarka. Shi kuma ya zauna a bakin titi ya kira Luba da 'yar ƙaramar wayarsa, ya gaya mata komai yadda yake, har ƙaiƙayin siminti a tsakanin yatsunsa. Sau ɗaya ya taɓa yi mini magana a kan hotunan. Ya ce ƙarya tana da nauyi, kuma ya ga ba ni da ƙashin ɗaukar kaya. Na ce ya ji da bulonsa.

Katakan da aka ɗaure a jikin ginin don masu aiki su taka, duk sun ruɓe, da waya aka ɗaɗɗaure su. Mun yi magana ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ɗan kwangilar ya ce wanda bai gamsu ba ga ƙofa nan, akwai ɗari irinmu a bakin titi. Wata Talata da hantsi, ina ƙasa ina kwaɓa siminti, na ji ƙarar katako, na ɗaga kai na ga Mudi yana tahowa daga hawa na uku.

Abin da ɗan kwangilar nan ya yi bayan haka shi ne abin da har gobe ban manta ba. Bai kira motar asibiti ba. Ya ce ba mu da takardu, in hukuma ta zo shi za a kama. Ya sa muka ɗora Mudi a kan wani ƙyauren da ba a kafa ba, muka fitar da shi bayan katanga, don kada a ce a filinsa abin ya faru. Wayar Mudi da ta tarwatse a aljihun gaba, ya tsince ta ya jefa a nasa aljihun, ban sake ganinta ba. Na kama rigarsa ina ihu da Hausa da Turanci da guntun Larabcin da na tsinta, ya ture ni ya shiga motarsa. Mutum fa, mai salla, mai tabon sujada a goshi. Motoci uku na tare a titi, duk wanda ya leƙo ya ga baƙar fata cikin jini sai ya ƙara wuta.

Mudi ya kai har la'asar. Kansa na kan cinyata. Can ya buɗe ido ya kira ni da sunana, abin da bai saba yi ba.

"Jamilu, ka gaya ma Luba. Kar ka bari ta zauna jira. Rafin Guza, layin injin niƙa, ka ce gidan Mudi mai keke."

Na ce in sha Allahu zan gaya mata. Ya ce in ce wallahi. Na ce wallahi.

Wani dattijo ɗan Damagaram, Malam Isufu, mai gadin ginin da ke kusa da namu, shi ya yi masa wanka, shi ya yi ta zirga-zirga wajen limamin unguwar har aka ba mu wuri a maƙabarta. Wani Balarabe magini da muke aiki tare, wanda ban taɓa jin ya yi wa Mudi magana ba sai dai ya nuna masa bulo da cebur, shi ya kawo likkafani, ya tsaya a sahu yana kuka kamar ɗan uwansa ne. Mu bakwai muka sallace shi.

To daga nan laifin ya zama nawa, ba na ejan ba, ba na direba ba, ba na ɗan kwangila ba. Lambar Luba ta tafi da wayar Mudi. Hanya ɗaya ta rage, in kira Yaya Auwal in ce ya je Rafin Guza. Daga ƙofar gidanmu zuwa can, a keke ko kwatan awa ba za a yi ba. Na rubuta masa saƙon ya fi sau goma ina gogewa. Don na san Yaya Auwal, tambaya ce da shi kamar alƙali. Zai ce wane ne Mudi, a ina ya rasu, kai kuma me ya kai ka jana'iza a Aljeriya kana ofis a Turkiyya? Kafin magariba Baba ya ji, kafin asuba masallaci ya ji.

Sai na samo wa kaina mafaka a cikin al'adarmu. Ai mu ba ma faɗin mutuwa ta waya kamar labarin ƙwallo. Dattijo ake nema, a je gida, a yi sallama, a zauna, a yi nasiha, sannan a faɗa. Na ce wa kaina Mudi ya fi ƙarfin saƙon waya, ni da na riƙe kansa ni ya kamata in je da ƙafata in dubi iyalinsa. Nan da wata uku, in na ɗan samu abin da zan shiga gida da shi. Kun ji fa. Al'adar da aka yi don a tausaya wa mai rashi, ni na mayar da ita bargon rufe ƙaryata. Wata uku suka zama shida. Malam Isufu duk ya gan ni sai ya tambaya ko na aika, har ranar da na gaji na ce masa na aika. Ya ce alhamdu lillahi, yanzu baiwar Allah ta shiga takabarta. Na kasa cin abinci ranar, amma washegari na ci.

Na bar wurin ɗan kwangilar na bi wani mai ɗaura tayil, na koyi aikin har hannuna ya faɗa. Juma'a ta zo in ari jaket, sai dai yanzu ni nake ɗaukar kaina hoton. Kuma duk Juma'a na san akwai wata mata a Rafin Guza da ke duba wayarta. Na sani sarai. Ba mantawa na yi ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin.

Ba ni na yanke shawarar dawowa ba, kamo ni aka yi. Wata safiya 'yan sanda suka zagaye ginin da muke aiki, aka kwashe mu yadda muke, ni da siminti a gwiwa. Aka tara mu a wani fili kwana da kwanaki, aka zuba mu a motoci zuwa kudu, aka sauke mu a cikin yashi aka nuna mana Nijar da bakin bindiga. Muka taka zuwa Assamaka, daga nan Agadas, daga nan Kano. Fayil ɗin takarduna yana can Wargala a ƙarƙashin katifa. Na sauka a tashar Kawo da leda ɗaya a hannu, da rigar da wata ƙungiyar agaji ta ba ni.

A doguwar hanyar nan na samu lokacin da zan zauna da kaina, kuma abin da na tsayar a lokacin shi nake kai har yau. Tafiyar da na yi, ba na dukan kaina a kanta. Matashin da ya yi shekara biyar ana yi masa wasa da hankali a ofisoshi, in ya ji an ce ga ƙofa zai nufe ta, kuma masu ce mini ai da ka yi haƙuri, yawancinsu ba su taɓa kwana ba aiki ba. Ƙin juyowa daga Yamai wauta ce, na yarda, wautar mai tsoron bakin mutane, kuma na biya ta da jikina. Wannan ya wuce. Amma shirun da na yi da saƙon Mudi ba wauta ba ce, son kai ne, kuma ba ni na ɗanɗana kuɗarsa ba. Na lura in na ce wayyo ni, na cuci kaina, na zama abin banza, har wani daɗi-daɗi nake ji, kamar na yi wani aiki. Alhali kukan da nake yi bai kai ko Kawo ba, balle Rafin Guza. Nadamar da ba za ta tashe ni tsaye ta kai ni ƙofar gidan nan ba, ba ta da amfani ga kowa.

Da azahar na shiga gida. Mama ta gan ni ta zauna a ƙasa. Na tarar da Baba a falo da jarida, na durƙusa na faɗa masa komai tun daga Yamai, ban rage ba. Maganar Turkiyya da hotuna da jaket ɗin aro, duk ya saurara bai motsa ba. Da na zo kan Mudi da rantsuwar da na yi, sai ya cire tabarau ya ajiye. Ya tambaye ni shekara nawa ke nan. Na ce biyu.

"Ƙaryar da ka yi mini tsakanina da kai ce, za mu zauna," in ji shi. "Wannan kuwa haƙƙin wata ne. Tashi ka sa hula."

Mama ta ce a bari yaron ya ci abinci mana, ko wanka ya yi. Baba ya ce matar can shekara biyu take jira, tuwo zai iya jiran awa biyu.

Mun sami layin injin niƙa ba wuya. Na tambayi wata mai suyar awara gidan Mudi mai keke, ta ɗago ta ce wane Mudin, wanda ya gudu? Ta ce ai an ce ya samu wata Balarabiya ya aura, ya manta da matarsa da 'ya'yansa, maza dai ba su da tabbas. Wani mai faci a gefe ya sa baki ya ce shi ma haka ya ji. Wallahi ji na yi kamar in kife kaskon. Mutumin da ya ba ni takalminsa a sahara, shi ake yi wa wannan a bakin titi, ana juya awara. Na buɗe baki zan yi mata tas, sai na tuna wanda ya ba su filin faɗin haka. Na rufe bakina.

Baba ya ce wajen limamin unguwa za mu fara. Liman ya saurare ni, ya ce yana son shaida na biyu. Na kira Malam Isufu, Allah ya sa lambarsa na cikin kaina, na gaya masa a gaban mutane cewa ƙarya na yi masa, ban aika ba. Sannan ya ba Liman shaidarsa tiryan-tiryan, ranar da wurin da waɗanda suka yi salla, ya kashe wayar.

Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, matan gidan suka raɓe a ƙofofinsu. Luba ta fito da hijabi, siririya, ba ta kai yadda nake zato a tsawo ba, 'ya'yanta biyu na biye da ita. Hannunta da sabon lalle, ashe suna aka yi a gidan jiya. Ta gaishe da Liman da Baba ta zauna a gefe. Liman ya yi nasiharsa a hankali, kan haƙuri da cewa kowane rai da lokacinsa. Tun kafin ya kai ƙarshe na ga ta gane, don ta jawo ƙaramar ta rungume. Sannan ya ce ga wanda Mudi ya cika a hannunsa.

Na faɗa mata. Na faɗi ginin, da katakon, da cewa ya yi kalmar shahada, da cewa sunanta ne a bakinsa. Ta yi salati, hawaye na zuba ba sauti. Can ta tambaye ni, ba ta dube ni ba.

"Yaushe yar rasu?"

Na ce shekara biyu ke nan da wata ɗaya. Ta ce ni ina ina duk tsawon nan, a kurkuku? Da na ce e, ba wanda zai ƙaryata ni, Baba ne kawai ya sani. Na ce a'a, ina nan lafiyata ƙalau, da waya a hannuna. Kunya ce ta hana ni, don na yi wa gidanmu ƙaryar inda nake.

Liman ya gyara murya ya yi mata bayani cewa takaba daga ranar rasuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar da labari ya zo ba, don haka tata ta riga ta wuce, ba komai a kanta. Yana nufin ya sauƙaƙa mata ne. Ita kuwa ta buɗe tafin hannunta tana kallon lallen. Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni.

"Malam, ka san abin da ka yi? Shekara biyu ina hushi da mamaci. Na yi mai Allah ya isa a kan sallaya. Ɗiyan ga na ce musu ubansu ya yashe su. Yana cikin ƙasa ina zuwa biki."

Na ce ta yafe mini don Allah. Ta ce ba yau ba, kuma ba ita zan fara roƙo ba. Ta ce in tashi in je masallaci, yanzu za a kira la'asar, in tsaya a gaban waɗanda suka ce gudu ya yi in faɗa musu yadda ya mutu, da abin da ya hana labari zuwa, da bakina, kada in bar wa Liman. Sannan ta sa hannu cikin hijabi ta cire 'yan kunnenta, ta miƙa wa babbar 'yar.

"Liman, kai ka san littafi," ta ce. "Ni dai tawa yau ta fara."

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Na dubi Baba, don na san abin da zan faɗa a masallacin nan kafin isha'i ya isa Badarawa, har sahun da aka yi mini addu'a. Bai dube ni ba. Ya miƙe ya gyara hularsa, ya sa takalmi, ya riga ni fita.